Zargin Aljanu da Asiri a Harkar Kiɗa da Fim a Karkarar Kano da Jigawa

Zargin aljanu da asiri a harkar nishaɗi shi ne imanin da wasu ke da shi cewa makaɗa da mawaƙa da 'yan fim ba basirarsu kaɗai ke ɗaukaka su ba, akwai hannun mutanen ɓoye ko aikin boka a ciki. Ɗaya ɓangaren imanin kuma yana cewa kiɗa da rawa da kallo ƙofa ce da iska ke bi ta shiga jikin mutum, musamman mace budurwa. A ƙauyukan Kano da Jigawa wannan zance ya girmi fim nesa ba kusa ba. Abin da ya sauya shi ne matsayinsa: a wurin makaɗin da, a ce yana da aljanu abin tinƙaho ne, amma a wurin ɗan fim na yau ƙazafi ne da ke iya hana shi aure a wani gida.

Tushensa a bori

Kafin Musulunci ya kafu, bautar iskoki ce addinin ƙasar Kano, kuma tarihin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala sananne ne. Ragowar wannan addini ya daɗe a hannun Maguzawa, waɗanda Ba'amurken nan Joseph Greenberg ya zauna cikinsu a karkarar Kano a 1938 zuwa 1939 yana nazarin iskokinsu. A cikin Musulmi kuwa abin ya wanzu ne a sifar bori, duk da yaƙar da masu jihadin 1804 suka yi masa, da gargaɗin da Nana Asma'u ta riƙa yi wa mata a waƙoƙinta.

A bori ne alaƙar kiɗa da iska ta fito fili, domin iska ba ta hawa sai an kaɗa mata. Kowace iska da takenta da kirarinta. Mai garaya ko mai goge ya zauna, masu buta ko masu ƙwarya na kewaye da shi, a shimfiɗa tabarma, a turara wuri. Idan aka juya take zuwa na iskar da ake kira Ɗan Galadima, wanda yake dokinsa, wato mutumin da iskar ke hawa, sai ya fara hamma da miƙa, ido ya juye, can sai ya miƙe da taƙama irin ta ɗan sarki, yana neman turare da madubi, yana rabon kuɗi kamar bai san zafinsu ba. Malam Alhaji kuwa a sunkuye yake zuwa, da tari irin na tsoho, yana jan carbi. Sarkin Rafi da hauka yake sauka, ya yi tsalle ya faɗo da mazaunai a ƙasa. In iska za ta tafi sai doki ya yi atishawa, ya farka yana tambayar abin da ya faru. Masu bori sun ce garin iskokin nan sunansa Jangare, kuma sai an yi wa mutum girka kafin ya zama doki ko goɗiya na sosai.

Duk wanda ya tashi a garin da ake wannan wasa ya gani da idonsa cewa kiɗa na iya fitar da mutum daga hayyacinsa. Daga nan zuwa cewa kowane kiɗa yana kiran aljanu, tazarar ba ta da yawa.

Makaɗan gargajiya

Kiɗa a karkara sana'ar gado ce, kuma kamar ƙira da su da farauta, tana tafe da nata magunguna. Ana ba ɗan makaɗi maganin murya da na farin jini, a ɗaura wa kalangu ko ganga laya, makaɗi ya sa kambu a dantse saboda abokan gaba. Idan fatar ganga ta fashe ana tsakiyar wasa, ko murya ta dishe ranar bikin wani babba, ba a cika cewa tsautsayi ba ne, sai a ce wane ne ya yi jifa. Makaɗan maza, wato na 'yan dambe da 'yan tauri da mafarauta, su suka fi nutsewa a ciki, tunda aikinsu shi ne zuga mutum har tsimi ya tashi.

Wanda aka fi yi wa wannan magana a ƙasar Hausa shi ne Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta jihar Katsina, wanda ya rasu a 1999. Saboda yadda yake ƙirƙirar waƙa nan take, da yawan waƙoƙinsa, da tsoron da ake yi wa zambonsa, jama'a sun daɗe suna cewa aljanu ke ba shi. Abin lura shi ne masu faɗin haka mafi yawa masoyansa ne. Yabo suke yi, hanyarsu ce ta cewa baiwar ta wuce ta sauran mutane.

Zuwan majigi da fim

Hoto mai motsi ya shigo da tsoro tun ranar farko. A zamanin Turawa motocin majigi na zagaya garuruwa suna haska fim a bangon gidan hakimi ko a filin kasuwa, har wasu na kiran abin dodon bango. A birnin Kano an buɗe sinimar Rex a 1937. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ta kashe mutum 331, kuma mutane da dama suka ɗauki abin a matsayin fushin Allah a kan masu zuwa kallo. Wannan tabo bai gama gogewa ba lokacin da fina-finan Indiya suka mamaye sinimomi da talabijin, sannan fim ɗin Hausa na bidiyo ya kunno kai da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990.

Abin da ya ɗaure aljanu da fim tamau a zukatan mutane shi ne lamarin Sumbuƙa, sunan aljanar da aka ce tana shiga 'yan mata. Daga ƙarshen 1995 zuwa 1996 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandaren Kano suka riƙa faɗuwa suna ihu, wasu ƙafafunsu na riƙewa, wasu kuma suna rawa irin ta fim ɗin Indiya. Wannan rawa ita ce sabon abu, domin ba a san ta a cikin alamomin bugun iska na da ba. An kira malaman ruƙiyya, aka naɗi zaman a kaset, kaset ya shiga kasuwannin ƙauye, mutane suka ji da kunnensu muryar da aka ce ta aljana ce tana faɗin abin da ke jawo ta: fita ba lulluɓi, kwalliya, waƙe-waƙe. Lokacin ya zo daidai da annobar sanƙarau ta 1996, hankula duk a tashe. Daga nan ruƙiyya ta zama sana'a mai zaman kanta, shagunan sayar da habbatus sauda da man zaitun da miski suka bazu har ƙananan garuruwa.

Yadda zancen yake a yau

A yanzu fim ba ya buƙatar sinima kafin ya isa ƙauye. Akwai gidan kallo mai janareta, akwai mai shagon caji da ke tura fina-finai da waƙoƙi a memori, kuma ranar kasuwa, kamar Juma'a a Wudil ko Lahadi a Gujungu ko Alhamis a Maigatari, nan ake cika waya da sababbi. Ta wannan hanyar dai wa'azi ke shigowa, da bidiyon ruƙiyya, da muryoyin WhatsApp masu tona asirin wane da wance. Waya ɗaya ke ɗauke da cutar da ake zargi da kuma maganinta.

Zargin da ya fi yawo shi ne na neman suna. Yarinya ta bar garinsu ba ta da ko sisi, bayan shekara biyu a gan ta a TikTok da mota da gwala-gwalai, sai a ce ba banza ba. A ce an kai ta wurin boka an yi mata wankan farin jini, ko ta binne wani abu, ko ta ba da wani abu nata. In tauraruwarta ta dushe, a ce wa'adin aikin ne ya cika. In ta kwanta ciwo, a ce abin ne ya juyo kanta, ko wata abokiyar sana'a ta yi mata sammu. Zancen a shirye yake ya karɓi kowane sakamako, shi ya sa ba a iya ƙaryata shi a majalisa, kuma shi ya sa ba hujja ba ne. Mata ne suka fi shan wannan zargi. Namiji in ya yi kuɗi a waƙa akan tuna cewa 'yan siyasa na ba da motoci, amma mace ba a cika yi mata wannan uzuri ba.

Su kansu fina-finan sun taimaka. Boka na cikin fim yana zaune a kogo, da jan ƙyalle da baƙi, da ƙwarya mai hayaƙi, yana dariyar ƙeta, kishiya na durƙushe a gabansa. Kusan kullum ƙarshen labari asiri ya karye, mai shi ta haukace ko ta tuba, wato darasin na goyon bayan malamai ne. Duk da haka akwai masu kallon da ke cewa wanda ya iya kwaikwayon abin haka lallai ya san shi. Fina-finan camama, inda marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, ya yi fice har rasuwarsa a 2014, sun bi ta wata hanya dabam: bokansu yawanci macuci ne mai yunwa, aljaninsa kuma yaronsa ne da ya ɓuya a bayan zana.

Sabon shigowa shi ne batun Illuminati, wanda ya zo ta intanet daga Amurka da kudancin Nijeriya. Matasa kan tsayar da bidiyo su nuna mawaƙi ya rufe ido ɗaya ko ya haɗa yatsu kamar siffar dalar gyaɗa, su ce alamar Dujal ce, ya sayar da ransa. Ƙungiyar da ta ɗauki wannan suna a tarihi wani malamin jami'a, Adam Weishaupt, ya kafa ta a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1776, hukuma kuma ta haramta ta kafin ta cika shekara goma. Babu wata shaida da ta nuna ta rayu har ta kai ga ɗaukar mawaƙa aiki. Abin da ke akwai tabbas shi ne 'yan damfara masu buɗe shafuka a Facebook suna karɓar kuɗin rajista daga masu son shiga.

Faɗuwa a wurin biki

Inda talaka ke karo da wannan imani kai tsaye shi ne gidan biki. An kawo DJ daga cikin gari, an kafa manyan lasifika a ƙofar gida, 'yan mata na rawa har bayan magariba, lokacin da tsofaffi ke cewa na mutanen ɓoye ne. Sai wata ta yanke jiki ta faɗi. A ɗauke ta a kai ɗaki, wata gwaggo ta ce a kashe kiɗan nan, a aika yaro da babur ya ɗauko malam. Malam ya sa a rufe mata jiki, ya shaƙa mata miski, ya fara karatu a kunnenta: Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi. In ta fara magana da wata murya sai tambayoyi su biyo baya.

"Kai wane ne? Musulmi ne kai ko kafiri? A ina ka same ta?"

Amsar da aka saba ji ita ce a wurin rawa, ko a banɗaki tana waƙa, ko kuma son ta yake yi, wato abin da malamai ke kira jinnul ashiƙ. Uwar yarinya na gefe tana cewa, "Allah gafarta Malam, a taimaka mana." A ƙarshe a umarce shi ya fita ta ɗan yatsan ƙafa, a ba da ruwan ganyen magarya na sha da wanka, a hana ta waya da kallo. Washegari labari ya gama gari, kuma kowa ya ƙara samun tabbacin abin da dama ya yarda da shi.

Matsayin malamai da hukuma

Samuwar aljanu da sihiri ba abin jayayya ba ne a wurin Musulmi: akwai Suratul Jinn, akwai aya ta 102 a Suratul Baƙara a kan sihiri. Shigar aljani jikin mutum kuwa mafi yawan malaman Sunna, irin su Ibn Taimiyya, sun tabbatar da ita suna kafa hujja da aya ta 275 a Baƙara, wasu daga Mu'utazilawa, mabiya wata tsohuwar mazhabar aƙida, suka musa. A kan kiɗa ma akwai tsohon saɓani, tsakanin masu haramtawa da irin su Ibn Hazm da suka halatta. Zuwa wurin boka dai babu wanda ya halatta, kuma ƙungiyar Izala, tun kafuwarta a Jos a 1978, ta matsa wa bori da tsibbu lamba a ƙauyuka. Sai dai yarda da cewa sihiri na nan dabam ne da nuna wani mutum a ce shi matsafi ne. Na biyun zato ne, wanda aya ta 12 a Suratul Hujurat ta yi hani da yawancinsa, kuma wannan ɓangare ba ya samun masu turawa a waya kamar ɗayan.

Hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a, da Hisbah, a kan tarbiyya suke kama mutane: sutura, rawa, cuɗanyar maza da mata. Haka ma lokacin da malamai suka tayar da ƙura a 2016 har gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, hujjarsu lalacewar tarbiyya ce.

Bayanin likitoci

Likitoci na ganin abubuwa da yawa a ƙarƙashin abin da ake kira bugun iska. Akwai farfaɗiya, wadda rashin barci kan tayar da ita, wasu kuma walƙiyar fitilu. Akwai taɓin hankali, akwai illar ƙwayoyi irin su tiramol da kodin. Akwai kuma faɗuwar da damuwa ke haddasawa ba tare da ciwo a ƙwaƙwalwa ba, wadda kan yaɗu daga yarinya zuwa yarinya a makarantun kwana, kuma an ga irinta a ƙasashe da dama da ba su san bori ba. Mai irin wannan ba ƙarya take yi ba, kuma sau da yawa akwai auren da ba ta so ko wata matsala da ba ta da bakin faɗa. Farfaɗiya tana jin magani in an fara da wuri aka kuma dage da sha. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano da na Kazaure a Jigawa su ne manyan wuraren da mutanen karkara ke zuwa, galibi bayan an sayar da akuya ko buhun gero an zaga wurin mai ruƙiyya da boka.