Me ake nufi da hanyar keke a gandun daji?

Jama'a barkanmu da war haka. Kwanan nan bidiyon masu hawan keke a daji ya yi yawa a TikTok da Facebook, zaka ga mutum da hular kwano ya ɗaura kyamara a goshi yana gangarowa daga kan tudu ta tsakanin bishiyoyi, can ƙasa kuma ga gari a shimfiɗe. Yaran garinmu nan wajen Birnin Kudu in sun gani sai suce tsere ake. To galibi ba tsere bane, yawo ne, kuma hanyar da yake bi ɗin ba haka kawai ya faɗa daji ya samu ba.

Hanyar keke a gandun daji hanya ce da hukumar gandun ta shata da gangan, ta auna tsawonta, ta kafa mata alamu a kowace mararraba, sannan ta zaɓi inda zata ratsa saboda abin da ido zai gani. Mu in zamu gona ko kasuwar Sara yanke muke nema, wadda zata kaimu da wuri, ita kuwa wannan da gangan take kwana ta bi ta bakin rafi ko ta haura tudu dan kawai ka tsaya ka hango gari kana haki. Shi kuma gandun ba lambun furanni bane, daji ne da tuddai da doka ta kare, ba saran itace ba farauta ba gini, amma an bar mutane su shiga su sha iska. Wanda ya san burtali zai gane abin nan da nan, an ce nan dabbobi zasu bi dan kar su shiga gonar mutane, to haka aka ce nan keke zai bi dan kar taya ta tattake ciyawa da ƙananan tsirrai ko ta buɗe wa ruwa hanyar zaizaye ƙasa.

Misalin da ya fi burge ni shine Collserola, tuddan da suke bayan birnin Barcelona a ƙasar Sifen. Faɗin gandun ya kai kamar hekta 8,000, a 2010 aka ayyana shi a matsayin gandun da doka ta kare, tudun da ya fi tsawo a ciki sunansa Tibidabo, mita 512. Akwai wata hanya a gefen tudun da suke kira Carretera de les Aigües, asalinta hanyar bututun ruwa ce shi yasa take kusan a shimfiɗe ba hawa ba gangara sosai, kusan kilomita 10, kana tafe gari na ƙasanka har teku kana hangowa, dan haka tsoho da yaro da mai koyo duk suna iya binta, wanda kuma yake ji da ƙarfi sai ya ɗauki masu haurawa sama. Kuma da doka fa, ba a yarda mai keke ya wuce gudun kilomita 20 a awa ba, ba a yarda ya bar manyan hanyoyi ya kutsa 'yan siraran da masu tafiya a ƙafa suke bi ba. Mutum ya tashi daga aiki da la'asar cikin ɗan lokaci yana cikin daji, wannan kusancin da gari shine duk daɗin abin.

Kar ace sai Turai. A Nairobi akwai dajin Karura a cikin gari, kamar hekta 1,000, wanda marigayiya Wangari Maathai, 'yar Kenya mai fafutukar kare muhalli, ta tsaya kai da fata a ƙarshen shekarun 1990 ta hana a yanka shi filaye, har duka ta sha a kai, yau ana bada hayar keke a wajen ka shiga ka zaga ka dawo.

Alamun nan da nace, a wurare da yawa musamman Ingila da kala ake yinsu. Kore ta kowa ce, shuɗi sai wanda hannunsa ya faɗa, ja akwai hawa mai tsanani da duwatsu da saiwoyi, baƙi kuwa ta gwanaye ce kar ma ka gwada in ba ka saba ba. Tun a bakin ƙofa zaka ga allo da taswira, ka san kilomita nawa ne kuma hawan mita nawa zakai kafin ka ɗora ƙafa a feda.

Keken ma daban yake da Raleigh ko Phoenix ɗin da baba yake ɗora buhun gero a kariya. Tayarsa faffaɗa ce mai kaushi dan ta kama ƙasa, akwai shokozoba a gaba wani har baya, birkinsa na faranti ne irin na mashin, sai giya, wadda ita ce sirrin hawan tudu, in ka mayar da sarƙa kan manyan haƙoran baya ƙafarka zata dinga juyawa da sauri keken na tafiya a hankali amma ba zaka sauka ka tura ba. Irin keken nan a shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka suka fara harhaɗa shi daga tsofaffin kekuna suna gangarowa daga tuddai, zuwa 1996 har ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Irinsa na hannu suna nan ana kawowa Kano, wasu yaranmu ma shi suke hawa zuwa makaranta ba su taɓa canza giyar ba tunda aka saya.

Abin da yake ci min rai shine wallahi muna da wajen. Dubi Dutse, tun 1991 take babban birnin Jigawa, duwatsu sun kewaye ta ga dabino a ƙasansu, in ka hau wajen Garu, tsohon garin Dutse, da yamma bayan damina ko'ina kore shar har inda idonka ya tsaya. Mu nan Birnin Kudu ga duwatsu masu zanen shanu na mutanen da can, a Kano ga duwatsun Rano ga bakin dam ɗin Tiga. Hanyoyin ma akwai su, manoma da masu itace sun riga sun fitar, abin da babu shine wanda zai zauna da mai unguwa da masu gonaki da Fulanin wajen a amince ga inda za a bi, a kafa alama, a hana masu fasa dutse cinye gefen da aka ware, a kuma tabbatar da tsaro dan ba wanda zai kai ɗansa dajin da ake tsoro. Ni dai a ganina wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, ba kwalta ake nema ba.

Sai dai duk wanda zai shata irinta a ƙasarmu dole ya yi lissafin abu biyu da Barcelona ba su dame ta ba, yashi da ƙaya. In hanya ta faɗa jigawa taya nutsewa take sai turi, gara a bi ta kan tsakuwa da jar ƙasa a gindin dutse ko da ta ƙara nisa. Tsidau da kashin yawo kuwa da kaka suna bushewa su zube a hanya, taya ɗaya sai ta yi huji uku kafin ka dawo, dan haka a share tsakiyar hanya kafin su zuba 'ya'ya, a kuma ba mai faci rumfa a bakin shiga da famfonsa da randar ruwan sha.