Tarihin rigakafi: amsar tambayoyin da aka ƙi daina yi mini

Na gaji da amsa waɗannan tambayoyi ɗai-ɗai a bakin asibiti da gidajen suna. Ga su nan a wuri guda.

Wa ya ƙirƙiro rigakafi?

Edward Jenner, likita a Ingila, a 1796. Ya ɗebi ruwan ƙurjin wata cutar shanu daga hannun mai tatsar nono, ya tsaga fatar yaro ɗan shekara 8 ya sa masa. Daga baya aka gwada yaron da agana, ba ta kama shi ba.

Ashe dai abin Turawa ne?

Ku daina faɗin haka. Tun kafin a haifi Jenner, mutanen Sin da Indiya da Turkiyya da wasu sassan Afirka suna tsaga fatar mai lafiya su sa ɗan ruwan ƙurjin agana. Wani bawa ɗan Afirka mai suna Onesimus ne ya bayyana wa ubangidansa wannan dabara a Boston ta Amurka, aka yi aiki da ita a annobar 1721. Illarta ita ce aganar gaske ake sawa, wasu kan mutu. Nan Jenner ya gyara. Ita ma allurar ciwon shawara, asalin ƙwayar da aka yi ta da ita daga jinin wani mutumin Ghana mai suna Asibi aka samo a 1927.

Ina agana take yanzu?

Babu ita. A 1980 aka shelanta ƙarewarta a duniya. Duba damtsen kakarka, za ka ga lamba, wani tabo zagayayye mai ɗan rami. Naka tabon na allurar tarin fuka ne.

An ce rigakafi na hana haihuwa.

Wannan maganar ce ta sa aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Ban ce tsoron ba shi da tushe ba: gwajin Trovan na 1996 a Kano ya cinye amanar mutane. Amma Trovan maganin sha ne da aka gwada a kan masu sanƙarau, ba rigakafi ba. Yaran da aka ɗiga wa a lokacin, yau ga su nan da goyo.

Ɗana ya tsallake allurar mako 10, katin kuma ya ɓace. A sake daga farko?

Kwantar da hankalinki, Maman yaro, amma kada ki zauna. A mafi yawan lokuta ba a sakewa, ana ɗorawa daga inda aka tsaya, domin garkuwar jiki ba ta manta wadda aka riga aka yi. Sai dai akwai waɗanda shekaru ke rufe wa ƙofa, kamar ɗigon gudawa na jarirai da allurar ciwon hanta ta ranar haihuwa, don haka ba zan yanke miki hukunci ban ga yaron ba. Koma inda aka fara masa, wataƙila sunansa na cikin rajista. Idan babu, faɗi abin da kika tuna: a cinya aka yi ko a hannu, sau nawa, yana wata nawa. In an rasa tabbas, galibi maimaita allura ya fi barinta sauƙin haɗari. Mura ko ɗan ɗumin jiki ba sa hanawa. Amma idan yana kwance jina-jina, ko allurar baya ta sa ya kumbura har numfashi ya yi masa wuya, ko yana da cutar da ke karya garkuwa, faɗa wa ma'aikaciyar tun kafin ta buɗe kwalba. Kuma don Allah, ɗigon da ake bi gida-gida ba ya maye gurbin na asibiti.

Ba gaggawa ake yi wajen haɗa alluran ba?

Masana kimiyya Calmette da Guérin sun shekara 13 a Faransa suna raunana ƙwayar tarin fuka kafin a ba jariri na farko a 1921. Ta shan inna sai 1955, ta ƙyanda 1963. Ta zazzaɓin cizon sauro ba ta sami amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya ba sai 2021.

Zazzaɓi bayan allura fa?

Kwana ɗaya ko biyu ne. Ci gaba da ba shi nono. Ya wuce haka, ko ya fara jijjiga, ki kawo shi nan take.