Na'ura biyu a cikin roka ba lallai su zama kariya ba

An daɗe ana ɗauka cewa muddin an sa wa roka na'ura ta biyu ta ko-ta-kwana, to an toshe ƙofar haɗari. Wannan yana aiki ne idan waya ta tsinke ko wani ƙarfe ya ƙone. Idan kuwa aibin yana cikin manhaja, na'urorin biyu ciwo ɗaya ke damunsu.

Haka ta faru da rokar Ariane 5 ta Turai, ranar 4 ga Yuni 1996, a Kourou, tashar harba rokoki da ke Guiana ta Faransa a Kudancin Amurka. Tana ɗauke da na'urori biyu masu auna inda ta dosa, kuma manhajarsu iri ɗaya ce sak, wadda aka kwaso daga Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu ta gefe. Saboda haka wani lissafi da ya shafi wannan gudun, mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin gurbin ajiye lamba a kwamfuta), da aka nemi cusawa cikin gurbin bit 16 ya zarce 32,767, iyakar abin da gurbin ke ɗauka. Kusan daƙiƙa 37 da kunna inji, na'urar ko-ta-kwana ta mutu, babbar ta bi ta nan take. Kwamfutar tuƙi ta ɗauki saƙon matsala a matsayin bayanin tafiya, ta murɗe bakunan injin gaba ɗaya. Rokar ta karkace, ta tarwatse da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya da take ɗauke da su, masu suna Cluster.

Abin takaici, ɓangaren manhajar da ya jawo haka ba shi da wani amfani bayan tashi. Kuma kwamitin bincike ya gano ba a taɓa gwada na'urar da bayanan hanyar da Ariane 5 za ta bi ba.