Tambayoyi da amsoshi kan kiyaye hoton bango da daɓe idan an kai zanen gini wata manhaja

Masu zanen gine-gine a Kumasi, daga ɗaliban jami'ar KNUST har zuwa matasan Aboabo da Asawase da ke karɓar aikin zanen gidaje, sukan gina siffar gida ta 3D a manhajar SketchUp ko Revit, sannan su kai ta Blender ko 3ds Max domin fitar da hoton da za a nuna wa mai gida. A wannan ƙaura ce bulo da tayil suka fi lalacewa.

Me ya sa hoton bulo yake miƙewa ko ya karkace?

Hoton da ake gani a bango ba fenti ba ne da ya manne. Kowace kusurwa ta kowace fuskar siffar tana ɗauke da lambobi biyu, U da V, waɗanda ke faɗin wane ɓangare na hoton zai sauka a wurin. Idan aka ja bango aka tsawaita shi ba tare da an gyara waɗannan lambobi ba, bulo goman da ke jere su ne za su cike sabon tsawon, kowanne ya zama dogo siriri. Kamar tela ne da ya ja yadin kente da ƙarfi domin ya isa: yadin ya kai, amma layukan ba za su haɗu a wurin ɗinki ba.

Wane irin fayil ya kamata a fitar?

OBJ da FBX da DAE da glTF duk suna ɗaukar lambobin UV, amma STL ba ya ɗaukar su ko kaɗan, an fi amfani da shi wajen buga siffa da injin 3D. Matsalar OBJ ita ce ba ya tafiya shi kaɗai, domin yana buƙatar fayil na MTL, wanda ke faɗin wane hoto ne zai hau wace fuska, da kuma hotunan kansu. Wanda ya tura wa abokin aiki OBJ da MTL ta WhatsApp ya bar hotunan, Blender za ta nuna bangon da launin hoda mai kauri, alamar ba ta ga hoton ba. A ganina GLB, wani nau'in glTF, ya fi sauƙi ga masu aika aiki ta waya, tunda yana iya haɗa siffa da hotuna a fayil guda.

Ta yaya za a gyara bango ba tare da hoton ya miƙe ba?

A 3ds Max da Maya akwai zaɓin Preserve UVs, a Blender kuma Correct Face Attributes, kuma dole a kunna shi kafin a fara jan kusurwa, ba bayan an gama ba. Sabuwar fuskar da aka samu wajen huda taga kuwa, sau da yawa sai an sake shimfiɗa mata hoton, kuma Cube Projection, wato shimfiɗa hoton daga ɓangarori shida kamar na akwati, ya wadatar ga bango madaidaici.

Me ya kamata a duba a SketchUp kafin fitarwa?

Abu biyu ne. Kowace fuska tana da gaba da baya, gaban fari, bayan kuma shuɗi-shuɗi, kuma idan aka shafa tayil a baya, wata manhajar na iya nuna wurin fayau ko baƙi. Na biyu, a shafa hoton a kan fuskar kanta, kada a shafa shi a kan rukuni (Group, wato fuskokin da aka haɗe wuri guda) gaba ɗaya, domin wanda aka shafa wa rukuni ba a iya daidaita zamansa.

Yaya ake gane girman hoton ya yi daidai?

A ƙirga tayil. Idan mai santimita 60 ne, ɗaki mai faɗin mita 3 ya kamata ya nuna guda 5 a jere. Idan adadin ya saɓa, a auna bangon kansa, domin SketchUp tana lissafin cikinta da inci, Blender kuma da mita, sannan a zartar da sikelin siffar, wato girmanta, a Blender ta hanyar danna Ctrl+A a zaɓi Scale kafin a sake shimfiɗa hoton.