Dalilin da asibiti ke keɓe majinyaci saboda ƙwayar cutar da ba ta dame shi ba

Mutum ya kwanta asibiti da karaya a ƙafa, sai ma'aikaciyar jinya ta zo da ɗan tsinke mai auduga a kai ta goga masa cikin hanci, wani lokaci har dubura. Bayan kwana biyu a ɗauke shi a kai shi ɗaki shi kaɗai, a manna takarda a ƙofa, duk mai shiga sai ya sa safar hannu da rigar leda. Shi kuwa ko zazzaɓi ba ya yi. Nan take 'yan'uwa za su fara zargin an ɓoye musu wata muguwar cuta.

Galibi ba abin da aka ɓoye. Ƙa'ida ce ta daƙile ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani, kuma tushenta shi ne ɗauke da ƙwaya daban, rashin lafiya daban. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 3 na ɗauke da ƙwayar Stafilokokus a hanci, kimanin 2 cikin 100 kuma na ɗauke da nau'inta mai taurin kai da ake kira MRSA, suna harkokinsu lafiya lau. Sai ta sami ƙofa take yin ɓarna: robar fitsari, allurar ƙarin ruwa, wurin da aka yi tiyata, bututun taimakon numfashi. Asibiti kuwa cike yake da waɗannan ƙofofi, kuma hannun da ya gyara wa wannan zani shi ne zai canza wa na gadon kusa bandeji.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe masu tasowa, na kwasar wata cutar a asibitin. Ba duka ne ke bijire wa magani ba, amma kason ba kaɗan ba ne: a 2023, 1 cikin 6 na cututtukan bakteriya da aka tabbatar a ɗakin gwaji a duniya ba sa jin maganin da aka saba ba su.

A 2017 hukumar ta fitar da shawarwari takwas kan ƙwayoyin da ko kabapenem, ɗaya daga magungunan da likita ke ajiyewa sai ta ɓaci, ba sa ji. Ba doka ba ce mai hukunci. Kowace ƙasa ke mayar da ita nata tsarin. Abin da ta nema shi ne a gwada waɗanda suka fi hatsarin ɗaukar irin wannan ƙwaya, a keɓe wanda aka samu da ita ko a haɗa masu iri ɗaya wuri guda, a wanke hannu, a tsabtace gado da duk abin da ake taɓawa. Shi ya sa za ka ga ma'aunin zafi da na hawan jini an bar su a ɗakin ba sa fita.

Holan na cikin ƙasashen da suka fi tsanani. Wanda ya kwana a asibitin wata ƙasa cikin watanni biyu da suka wuce, keɓe shi ake yi tun kafin sakamako ya fito, kuma ana gwada masu kiwon alade. Da wuya ka ji mai son wannan tsari a ranar da ya faɗa kansa, amma MRSA a can ba ta wuce kusan kashi 2 cikin 100 na Stafilokokus da ake samu a jini ba, alhali a wasu ƙasashen kudancin Turai ta haura 25. Ingila ta bi ta wata hanya: daga 2001 dole asibiti ya kai rahoton duk wanda MRSA ta shiga jininsa, adadin ya sauko daga kusan 7,700 a shekara zuwa ƙasa da 1,000 cikin shekaru goma.

Inda nake ganin ana tauye majinyaci shi ne bayani. Sa riga da safa na cin lokaci, sai ma'aikata su rage leƙowa, kaɗaici ya ishe shi, alhali ƙa'idar ba ta yarda a rage masa kulawa ba. Yana da haƙƙin a faɗa masa sunan ƙwayar, da ko ɗauke da ita kawai yake. In haka ne, ba a ɗora shi kan maganin sha ko allura. A MRSA akan ba da man shafawa a hanci da sabulun wanka na musamman na kwana biyar. Masu dubiya za su iya shiga, su wanke hannu shiga da fita, in kuma za a mayar da shi wani asibitin, sai an sanar da su tun kafin ya isa.