Kwandalar keken sayayya: jingina ce, ba kuɗin haya ba

A manyan kantunan Turai da yawa, kekunan zuba kaya a jere suke, kowanne ɗaure da na gabansa da ƴar gajeriyar sarƙa. A jikin mariƙin akwai ƙaramin akwati mai tsaga biyu. Ka tura kwandala a ɗaya, sai harshen sarƙar ya fita daga ɗayar. In ka gama ka mayar da keken layi, ka cusa harshen, kuɗinka ya dawo cif.

A Birtaniya fam 1 ake sakawa, a Jamus yawanci santi 50 ko yuro 1 ko 2, a kantunan Aldi na Amurka kuwa santi 25. Makullin bai san darajar kuɗi ba, faɗi da kauri kawai yake aunawa. Shi ya sa ƴar roba mai girman kwandala ke buɗe shi, kuma shi ya sa da Birtaniya ta fito da sabon fam mai kusurwa 12 a 2017 sai da kantuna suka gyara makullansu. Lanƙwasasshiyar kwandala kan maƙale. A kira ma'aikaci, kada a ɓanɓare da mabuɗin mota.

Wannan tsarin kanti ne, amma akwai dokar da ta sa kantunan damuwa. A Ingila da Wales, dokar kare muhalli ta 1990 ta ba ƙaramar hukuma ikon kwashe keken da aka yasar a titi, matuƙar hukumar ta zartar da amfani da wannan sashe a yankinta. Za ta sanar da mai keken cikin kwana 14, ta ajiye shi mako 6, in ba a karɓa ba ta sayar ko ta zubar. Gyaran da aka yi a 2005 ya ba ta damar karɓar kuɗin ɗawainiya daga kantin ko da bai zo neman kekensa ba.

Inda mutane ke kuskure shi ne ɗaukar cewa kwandalar ta ba su izinin tura keken har gida. Keken na kanti ne, kuma kuɗinsa ya ninka fam ɗaya sau da yawa. A Jamus riƙe shi na iya zama laifin sata, a jihar Kalifoniya ta Amurka ma fitar da keke mai alamar mai shi daga harabar kanti laifi ne.