Na Koma Linux, Bidiyo Ya Ƙi Buɗewa: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibanmu na Madina da 'yan kasuwar Jidda da suka koma Linux, wato tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta da ake sakawa a maimakon Windows, suna yawan kawo koke iri ɗaya: an turo musu bidiyon biki daga Kano, sun danna, sai baƙin allo.

Kwamfutar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Kowane bidiyo a matse yake, sai da wata 'yar manhaja mai suna kodek ake warware shi. Yawancin na WhatsApp da kodek mai suna H.264 aka matse su, na iPhone kuma sau da yawa da H.265. Duka biyun suna da masu haƙƙin ƙirƙira da ke karɓar kuɗi. Fedora, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, wadda kamfanin Red Hat na Amurka ke ɗaukar nauyinta, tana gudun shari'a, shi ya sa ba ta zuwa da su duka. A ganina wannan ba rowa ba ce. Mai rabon abu kyauta ba zai biya wa duk duniya kuɗin lasisi ba.

To MP3 fa? Karatun Alƙur'ani nake ji.

Matsalar MP3 ta wuce. Wa'adin haƙƙinsa ya ƙare a 2017.

Me zan yi in nau'in Linux ɗina Ubuntu ne?

Tun wajen saka Ubuntu a kwamfuta akwai akwatin da ke tambaya ko kana son ƙarin manhajojin sauti da bidiyo. Da yawa suna tsallake shi saboda gaggawa. In ya wuce ka, buɗe tamina (Terminal), wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta:

sudo apt install ubuntu-restricted-extras

Nan ne mutane ke maƙalewa: allon yarjejeniyar haruffan Microsoft zai fito, linzamin kwamfuta (mouse) ba ya taɓa shi. Danna Tab, sannan Enter. Masu Fedora su ƙara RPM Fusion, ma'ajiyar manhajoji da ake sauko da kodek daga cikinta, Linux Mint kuwa tana tambaya tun wajen saka ta.

Babu hanya mafi sauƙi?

VLC, manhajar kunna bidiyo da sauti. 'Yan Faransa ne suka ƙirƙiro ta, tana buɗe kusan komai. Ita nake fara saka wa dattawa.

Shafukan kallon fina-finai na Netflix da Shahid sun ƙi aiki a burauzar Firefox.

Wannan kulle ne, ba kodek ba. Shiga saitin Firefox ka kunna DRM, wato tsarin kullen da ke hana kwafar fim, zai sauko da mabuɗinsa, Widevine na Google, da kansa, sai ka sake buɗe shafin.